Filashin Surukina

A shekarun da nake buga wa mutane takardu a zauren gidana a Daura, abu biyu nake tsoro: ɗaukewar wuta ina tsakiyar aiki, da filashin surukina. Wutar in ta tafi sai an yi ta addu'a kafin ta dawo. Filashin kuwa ba ya buƙatar addu'ar kowa, da kansa yake dawowa, kuma bai taɓa dawowa hannu rabbana ba.

Da safe ni malamin firamare ne, da yamma mai kwamfuta. A Kano na sayo ta, ta hannu, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan da ke cinye rabin tebur. Katin ɗaurin aure, takardar neman aiki, kalandar ango da amarya, duk ina yi. Lokacin an kwana biyu da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, gidajen kallo sun yi sanyi, kasuwar wa'azi da karatu ta buɗe. Ana cikin haka sai ga 'yan ƙananan rediyon nan masu ramin soka filashi, ɗan mazubin nan na ajiye sauti, sun cika gari. Duk dattijon da ka gani a majalisa yana da tasa a gefen buzu, mu kuma masu kwamfuta muka samu sabon aiki, wato tura musu ƙira'a da tafsiri.

A cikin kwamfutar tawa akwai abu guda da ba na sayarwa ba ne, kuma saboda shi nake kaffa-kaffa da ita. Muryar Inna ce, mahaifiyar matata.

Yadda aka yi muka same ta abin dariya ne. Da matata ta haifi ɗanmu na fari ta tafi gidansu wanka. Ni kuma kunya ta hana ni zarya, in ma na je iyakata zaure. Sai na aika mata da wayata mai ɗaukar murya, na ce ta ɗauko mini kukan yaron in ji. Ta danna, yaron ya ƙi kuka, ta ajiye wayar a taga ta manta da ita. Ranar jajibirin suna ce. Ragon suna haƙƙina ne, amma Baba, surukin nawa, ya aiko cewa yana raye ba wanda zai je kara ya sayi ragon jikansa. To abin da wayar ta kwaso shi ne Inna a tsakar gida tana karɓar wannan rago.

"Ku fito ku ga abin da mai gidan nan ya kawo mana," in ji ta. "Mutum ya tsufa yana zaɓa wa jama'a raguna, ranar jikansa ya kawo wannan. Ai wannan in an yanka shi sai an ranta masa nama. Ku ba shi dusa, don Allah, kada ya riga mahauci."

Daga nan sai dariyarta, doguwa, har da tari a ƙarshe, sai ƙarar turmi, sai wayar ta cika ta tsaya.

Yaron bai fara tafiya ba Inna ta rasu. Ba ta bar hoto ba, don ko a biki aka ɗaga kyamara takan ja mayafi ta juya baya. Wayar kuma an zare mini ita a tasha, amma Allah ya sa na riga na juye muryar a kwamfuta. Na taɓa zuba ta a faifai don ajiya, sai faifan ya bi sahun matattun faya-fayan da ake kwasa a shagona ana ratayewa a kan shanyar gero don korar tsuntsaye. Ya sha rana ya kanannaɗe kafin in gane. Saboda haka muryar ta rage a wuri ɗaya tak, cikin wata folda da na sa wa suna Inna. Matata ta koyi kwamfuta daidai gwargwado, don takan taya ni tura wa mata karatu, kuma wani lokaci in na dawo daga makaranta nakan tarar da kujerar da ɗumi, idonta kuma ja. Ban taɓa tambayarta ba.

Baba fataucin dabbobi yake yi. Dogo ne, marar yawan magana, kuma rabin makonsa a kasuwanni yake ƙarewa, yau Mai'aduwa, gobe Mashi, jibi Zango ko Baure. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon katanga. Matata 'yar farinsa ce, don haka ita ma ba ya kama sunanta, ba ya doguwar magana da ita. In ya zama dole ya ambace ta sai ya ce "waccan". Kun ga ke nan gida biyu, ba mai iya gaya wa wani komai.

Sai aka samu 'yar aike, wato Kaka. Ƙanwar mahaifiyar Baba ce, tsohuwa mai ƙarfin ƙafa da ke yawon sayar da daddawa, kuma tun da kakar matata ce akwai wasa tsakaninmu. "Angona" take ce mini. Aibinta ɗaya, saƙo ba ya isa inda aka aike shi yadda ya bar gida. Takan ƙara masa gishiri a hanya, wani lokaci har da yaji.

Ita ta fara kawo mini filashin. Wani abokin Baba ne ya yi masa tsarabarsa daga Makka, shi kuma ya sa baduku ya ɗinka masa 'yar jakar jar fata kamar laya. Ranar filashin lafiyarsa ƙalau, ba komai a cikinsa. Na zuba masa ƙira'a mai daɗi, na mayar, har ina jin daɗi na yi wa suruki abin kirki.

Abin da ban sani ba shi ne Baba ba ya iya hana aron karatu. Yana zaune a rumfar kara, rediyo na yi, sai wani ya ce, "Alhaji, wannan ƙira'ar fa?" Shi ke nan, sai ya zare ya miƙa. Mutumin ya ruga wurin mai turin karatu na kasuwar, wanda kwamfutarsa tun da aka ƙera ta ba ta taɓa ganin maganin bairos, wato cutar kwamfuta, ba. A kwafa masa. Mai turi kuma, da yake ɗan kasuwa ne mai mutunci, ba zai mayar da filashin dattijo haka nan ba, sai ya ƙara masa wa'azi ɗaya gyara. Bairos ɗin ma a gyara yake zuwa.

Har sunaye na raɗa wa cututtukan, kowace da kasuwar da aka samo ta. 'Yar Mai'aduwa ita ce mai ɓoye foldoji ta bar maka na bogi masu 'yar kibiya a gindi, kana dannawa ta ƙara shigewa. 'Yar Mashi haihuwa take yi. Ka buɗe folda ka tarar da wata mai irin sunanta a ciki, ka buɗe ta ka tarar da wata, kamar kwanukan jere na ɗakin amarya. 'Yar Zango ba ta ɓarna, nauyin jiki kawai take sa wa kwamfuta. Sai in danna harafi, in je in yi alwala, in dawo in tarar bai fito ba. Akwai ranar da wani ango ya zauna jiran katinsa har ya fara ba ni labarin yadda suka haɗu da yarinyar, ya gama, ya shiga na wadda ta ƙi shi kafin ita.

Ina da magani a kwamfutar, amma maganin bairos sai ana sabunta shi, ga shi ba ni da intanet a gida. Sai in tafi kafe, shagon intanet, in zauna ina kallon ɗan layin nan yana rarrafe. Wata rana ina zaune wani shafi ya faɗo yana walƙiya ja da rawaya, wai an gano cututtuka a na'urata, in danna nan a ba ni magani kyauta. Na ce kai, yau na yi gamon katar. Na kwaso shi na kawo gida da hannuna na ɗura wa kwamfutata. Ashe shi ne uban cutar. Tun daga ranar duk abin da ya yi mini walƙiya a intanet yana cewa kyauta, ko ya ce na ci gasar da ban shiga ba, sai in bi shi da ido in wuce.

Duk lokacin da jar jakar nan ta zo, kafin in soka sai na buɗe foldar Inna na dube ta, kamar mai leƙa jariri. Da abin ya ishe ni na zaunar da Kaka.

"Kaka, don Allah ki gaya wa Baba cikin ladabi, filashin nan yana kwaso cuta a kasuwa. Ba laifinsa ba ne, na'urorin masu turi ne."

"An gama, angona."

Ta je ta ce masa, "Mijina ya ce karatun naka cuta gare shi."

Washegari ta dawo tana taunar goro, ta zauna a kan bencin masu jira ta miƙe ƙafa.

"Ya yi salati. Ya ce a tambaye ka wace sura ce."

Na dafe kai. A wancan zamanin, da kowa ke ji da addini, a ce malamin makaranta ya ce karatu na da cuta, ai sai in nemi garin komawa. Na yi mata rantsuwa ba haka na ce ba, na sake bayani dalla-dalla, na ce ba karatun ba ne, mazubin ne. Ta tafi ta dawo da amsar da har yau ban samu bakin mayar da ita ba.

"Ya ce a rediyonsa garau yake yi, ko tari ba ya yi. Sai ya zo gidanka ake cewa ba shi da lafiya. Ya ce to a duba gidan naka."

Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Rediyo ba ta san bairos ba, ba ta da wayon da cutar za ta kama. Amma ta yaya zan aika wa surukina wannan bayani ta bakin Kaka ya isa da ransa?

Duk da haka Baba bai yi watsi da maganata ba, kuma wannan ya fi ba ni tausayi da haushi a haɗe. Ya ɗauki abin yadda ya san cuta. In ya sayo baƙuwar saniya ba ya haɗa ta da garke sai ya ware ta ya ga take-takenta. To haka ya riƙa yi wa filashin. In ya dawo daga kasuwa sai ya rataye shi a reshen dalbejiyar gidansa, shi kaɗai, ya kwana biyu yana shan iska. Kaka ta kawo shi tana cewa, "Ga shi, an killace shi, ya sha rana, har hayaƙin habbatus sauda an yi masa." In karɓa da hannu biyu, yana ƙamshi, in soka, maganina ya fasa ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Daga ƙarshe na ce magani ɗaya ne, a goge duk abin da ke cikinsa, cuta da karatu, in sake zuba masa sabo fes. Na ce wa Kaka ko wasali ba zai rasa ba, duk ina da su. Ban taɓa ganin amsa ta dawo da sauri irin ta ranar ba. Ko tallan daddawarta ba ta gama ba ta dawo, ba goro, ba "angona".

"Ya ce a ƙara, kada a rage. Ko ɗigo kada a goge masa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga gida ina faɗa ƙasa-ƙasa, ina cewa wannan wane irin riƙo ne, karatun da ke ko'ina a gari. Matata tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Ka bi abin da ya ce." Akwai ma ranar da na yi niyyar gogewa a ɓoye, in ya so in ce kuskure ne. Hannuna na kan madanni sai na ji ta a bakin ƙofar zaure ta ce, "Kada ka yi." A hankali ta faɗa, amma sai na tsinci hannuna a aljihu. Na ɗauka kara ce kawai irin ta 'ya da uba.

Sai na koma dabara. In Kaka ta kawo, in ce ba wuta. In akwai wuta, in ce kwamfuta ta yi zafi tana hutawa. Da ƙaryar ta ƙare na fara kai shi shagunan abokan sana'a in ce su tura masa, ni aiki ya yi mini yawa. Wannan ta yi mini aiki na ɗan lokaci, har sai da kowane mai kwamfuta a Daura ya gane jar jakar. Ina ɓullowa kwana sai in ga ana sakin labule. Wani abokina ya ce mini in dai da layar nan na zo, mu gaisa daga waje.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce bayan la'asar. Kaka ta tafi Zango biki. Janareton da na sayo kwanan nan na ruri, ina buga wa wasu samari takarda, sai na ji sallama a bakin zaure, murya ƙasa-ƙasa. Baba ne da kansa. Tun da aka kawo matata gidan bai taɓa tako ƙofar ba. Samarin suka gaishe shi suka sulale, ni kuma na zube ƙasa, na rasa ma inda takalmina yake balle in cire shi.

Ya miƙo jakar yana kallon kalandar da ke bango.

"An ce akwai tafsirin bana."

"Akwai, Baba."

Ba zan ce ba wuta ba, ga janareto na neman tsaga kunne. Maganina ya daɗe ba a sabunta ba. Na kuma san daga Baure ya dawo, kasuwar da ban taɓa ɗanɗana bairos ɗinta ba. Na ɗaga ido na ga foldar Inna a gefen allo. Wanda bai yi surukuta a ƙasarmu ba zai ce me ya hana ni cewa a'a. Ni dai na san mutumin da ya ba ni 'yarsa yana tsaye a zaurena da hannu a miƙe, kuma kunyar da ya haɗiye kafin ya zo ta fi tawa. Na yi bisimilla na soka.

Maganin ko uffan bai ce ba, kuma shirun nan ya fi ƙararsa ba ni tsoro. Na buɗe filashin. Fari fat. Ba ƙira'a, ba wa'azin gyara, ko foldojin bogin nan masu kibiya babu.

"Baba, ba ta nuna komai a ciki."

A karo na farko tun da na san shi ya dube ni a tsakiyar ido.

"Ba komai?"

"Ba komai, Baba."

Ya miƙo hannu na zare na ba shi. Ya yi ta ƙoƙarin mayar da shi cikin jakar yana kuskure bakinta. Ya fita, ya bar sandarsa jingine da bango. Na yi mamakin dattijo kamarsa ya girgiza haka a kan karatun da zan iya mayar masa kafin a kira magariba.

Ban samu damar dogon mamaki ba, don ina juyowa kwamfutar ta kashe kanta ta kunna. Ta sake. Ta yi ta yi kamar mai shaƙuwa, daga nan allon ya yi baƙi ya tsaya.

Da safe na ɗora ta a babur na kai wa wani mai gyara a bakin tasha. Na riƙe hannunsa na ce masa akwai folda ɗaya mai suna Inna, ko duk sauran za su tafi ita a fitar mini da ita tukuna. Na nanata har ya fara jin haushi. Ya ce, "Haba Malam, ba yau muka fara ba." Da na koma ya tare ni da fara'a, ya kunna ta, ta taso da sauri kamar sabuwa.

"Na wanke maka ita tas. Har hoton furanni na sa maka."

"Foldar fa?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ai cutar ta yi yawa, kuma shi in ya ga haka ba ya tsayawa wata-wata. Na tsaya ina kallon furannin. Da ba don mutane ba da na yi kuka a wurin, kuma da ba don Shari'a ba ban san me zan yi masa ba.

Na tarar da matata tana tankaɗe. Na tsuguna a gefenta na gaya mata, ban yi kwana-kwana ba. Ta ci gaba da kaɗa rariya har garin ya ƙare, tana kaɗa tsaki kawai. Can ta ce, "Akwai a filashin Baba."

Na ce me?

Ta ce tun farkon zuwan filashin Kaka ta raɗa mata cewa Baba ya taɓa tambaya, yana kallon wani wuri, wai an ce akwai maganar mutuniyar a na'urar yaron nan. Bai ƙara ba, bai ce a ba shi ba. Ita kuma ta jira na tafi makaranta ta tura masa, ta sa a can ƙarshe bayan surar ƙarshe. Ba ta gaya masa ba, shi ma bai taɓa nuna ya ji ba. Ni kuma ta ji nauyin gaya mini, don sirrin mahaifinta ne.

Nan take komai ya warware mini, da "a ƙara kada a rage", da hannun da ya kasa samun bakin jaka. Sai kuma na tuna abin da ita ba ta sani ba, dole na gaya mata filashin ma fari fat na gan shi. Ta ajiye rariyar a hankali ta shiga ɗaki. Ban taɓa jin na tsani wani abu kamar yadda na tsani kwamfutar nan a ranar ba, da furanninta.

Sandar Baba ta yi kwanaki a zaurena ina kallonta. Bai aiko a karɓa ba, Kaka ma da ta dawo ta ce ko kasuwa bai fita ba, rediyon kuma tana rataye ba ya kunna ta. Rannan bayan la'asar na ɗauki sandar na nufi gidansa. Ban san me zan ce ba. Ta'aziyya ce zan yi, amma ta abin da ba ni da izinin sanin ya rasa.

Ba kowa a zaure. Aka ce yana baya wurin turke. Na zagaya ta lungu, ina dab da shan kwana sai na ji muryar.

"Ku fito ku ga abin da mai gidan nan ya kawo mana."

Na tsaya cak a lungun. Ashe 'yar Baure ba ta cinye komai ba, ɓoyewa ta yi, ɓuya mai kyau da ko inuwa ba ta bari ba. Kwamfuta mai ilimi aka ce mata kada ta nuna, ta bi umarni. Rediyo kuwa ba ta san ana ba da umarni ba. Baba ne tsoro ya hana shi gwadawa sai a ranar.

Yana zaune a kan buzu ya ba ni baya, rediyon a kan gwiwarsa, wani farin sa na tuƙa a gabansa. Komawa ba ta yiwu ba, don ya riga ya ji takuna. Na yi sallama da muryar da ni kaina ban ji ta sosai ba, na durƙusa na ajiye sandar. Na jira ya kashe rediyon, kamar yadda kowane dattijo zai yi. Bai kashe ba. Muka zauna, ni da shi, muna kallon san, Inna na cewa sai an ranta wa rago nama. Dariyar ta zo, da tarin, da ƙarar turmi, sannan shiru.

Da ya yi magana, san yake kallo.

"Ragon ba shi da laifi. A ƙasa aka koro shi daga Mai'aduwa, tafiya ce ta zuge shi."

"Haka ne, Baba."

"Ta san da haka. Neman magana ne kawai irin nata."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da shi. Ya zare filashin, ya sa a jaka, wannan karon bai kuskure ba. Ya miƙo ta gefe.

"Ka ce yana da cuta."

"Yana da ita, Baba."

"To ka ɗebi maganar ka kai wa waccan. Cutar ka bar masa abarsa. Ka dawo mini da shi kafin magariba."

Ashe Kaka ta riga ta kai masa labarin wanke kwamfutata. Ban kai filashin gidana ba. Bakin tasha na nufa, wurin mai gyaran nan, na miƙa masa jar jakar ina murmushi. Shi bai san ta ba, don ba mai turi ba ne. Ya soka a tasa kwamfutar, ya danna 'yan haruffansa, duk abin da aka ɓoye ya fito, Inna na can ƙasa bayan surar ƙarshe. Na sa ya zuba mini ita a faya-fayai, na gidana daban, na ajiya a akwati daban, har da wanda zan kai wa ƙanin matata a Mashi. Ina fitowa na ji kwamfutarsa ta kashe kanta ta kunna. Na yi masa fatan alheri na hau babur.

Rana ta yi ja sosai lokacin da na shiga layinsu. Tun daga nesa na hango shi tsaye a ƙofar gida, rediyon a hannunsa, ramin filashin a buɗe, yana kallon hanyar da zan ɓullo. Da ya gane ni ne sai ya juya yana duban katanga, ni kuma na tsaya na fara cire takalmi.